Ungozomar Da Ta Koma Aji Da Furfura

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan aji biyu lissafi, wayata ta yi ta rawa cikin jaka har sau uku. Ba na ɗaukar waya a aji, amma ran nan na ɗauka. Babbar 'yarki ce. Ta ce, "Anti, Mama ta cika." Na ajiye alli, na fita baranda na jingina da bango ina ta nanata cewa mu na Allah ne kuma gare Shi za mu koma, har shugabar makaranta ta zo ta kama hannuna ta zaunar da ni.

Yaya, yau kwananki tara a kabari. Shekararki hamsin da takwas, saura wata huɗu mu kammala karatun da kika ja ni cikinsa. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, ba mu haɗa dangi ba, amma ban san wani suna da zan kira ki da shi ba in ba wannan ba.

A ɗakin haihuwa muka haɗu, shekara shida da suka wuce. Ke ce ungozomar da ke bakin aiki ranar da na haifi ɗana na huɗu, ya zo babu rai. Ke kika goge shi, kika naɗe shi cikin zanen da na zo da shi, kika tambaye ni ko ina son in gan shi, sannan kika ɗora mini shi a ƙirji. Washegari da hantsi, bayan kin tashi daga aiki, kika dawo kika zauna a bakin gadona. Kowa ya shigo ya ce in yi haƙuri, ni kuwa abin da ke cina daban ne. Na ce miki, "Sista, me na yi wa Allah? Ina salla, ina azumi, ban cuci kowa ba."

Na ɗauka za ki tsawata mini. Sai kika ce, "Ƙanwata, wallahi ban san amsar ba. Kusan shekara talatin ana yi mini wannan tambaya, ina cewa a yi haƙuri. Amma akwai wani wuri da na fara zuwa Asabar da Lahadi da safe. In kin ji sauƙi zan zo in ɗauke ki, mu je mu tambaya tare."

Na ɗauke ta maganar lallashi ce kawai. Bayan wata biyu, wata Asabar da ƙarfe bakwai da rabi, sai ga sallamarki a ƙofata. Na nuna miki tulin wanki, na nuna miki takardun jarrabawar ɗalibai da ban duba ba, na ce yara ba su karya ba. Kika dubi maigidana kika ce, "Malam, ka iya dafa shayi ko?" Ya yi dariya ya ce ya iya. Kika juyo kika ce da ni, "To wankin ba gudu zai yi ba. Sa hijabinki."

Wurin da kika kai ni ajin firamare ne da ake ara wa manya don karatun addini. Bencinan na yara ne, gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin tebur, bango duk zanen haruffa da 'ya'yan itace. Mu ashirin da uku ne mata: akwai tela, akwai mai shagon magani, da magatakardar kotu, da 'yar sanda, da mai kitso, kowacce ta baro wani aiki yana jiranta. Daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya ake karatu, awa biyu na fiƙihu, awa ɗaya na tauhidi. Malamarmu kuwa ba ta kai babbar 'yarki shekaru ba, amma tana shigowa ke ce ta farko da ke miƙewa. Ta sha roƙonki, "Mama, don Allah ki daina tashi mini." Ke kuma ki ce ba ita kike tashi wa ba, abin da ke cikin kanta ne.

A ranar farkon nan, da aka zo darasin tauhidi, kika ɗaga hannu kika yi tambayata kamar taki ce, ba ki ko kalli inda nake ba. Kika ce, "Malama, macen da ta rasa ɗa, wane laifi ta yi?" Malama ta yi bayanin ƙaddara a natse. Ta ce ba kowace musiba ce horo ba. Ta tuna mana cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya binne 'ya'yansa, idonsa ya zubar da hawaye, kuma babu wanda Allah Ya fi so kamarsa. Na kifa kai a kan tebur na yi kukan da ban yi ba a asibiti. Kika ɗora hannu a bayana, kika ci gaba da rubutu da ɗaya hannun. Ban ce daga ranar na warke ba, amma daga ranar na koma yin salla da zuciyata a ciki.

'Yan aji sun sa miki suna Sarkin Tambaya, kuma kin ci sunan. Sau da yawa daga asibiti kike wucewa makaranta, da fararen kayan aikinki a ƙarƙashin hijabi. Wani lokaci gyangyaɗi ya sace ki, kanki ya yi ƙasa, biro ya ja dogon layi a takarda, 'yar sanda ta zungure ki, sai ki farka da cewa, "Malama, ina da tambaya." Aji ya kwashe da dariya, amma kuma sai tambayar ta zo daidai kan abin da ake ciki. Kina da faɗa, Yaya, ba zan ɓoye ba. Wadda ta makara sai ta ji daga bakinki kafin ta ji daga na Malama. Ni kaina akwai Lahadin da na yi fushi na ce na bar karatun, kika kira ni kika wanke ni tas, sannan kika aiko mini da littafinki in kwafi darasin da ya wuce ni.

Abin da ya fi girma a idona ya faru ne a shekara ta biyu, da muka shiga babin jinin biƙi. Malama ta ce da zarar jinin ya ɗauke, ko da bayan kwana goma ne, mai jego za ta yi wanka ta ci gaba da salla, ba sai ta cika kwana arba'in ba. Kika ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ga fuskarki ta canza. Kika miƙe a gaban kowa kika ce, "Malama, tun da na fara aiki nake sallamar masu jego da cewa kada su kusanci salla sai sun yi arba'in. Haka na ji daga waɗanda suka koya mini aiki, ban taɓa tambaya ba. Yanzu ina zan sa kaina?" Malama ta ce ki nemi gafarar Allah, ki gyara abin da za ki iya gyarawa.

Da wata ce, da ta nemi gafarar ta yi shiru da bakinta. Ke kuwa kika sa Malama ta rubuta hukuncin a rabin takarda, kika buga shi da yawa. Duk ranar awon ciki sai ki tsaya gaban matan da ke jira a benci ki ce, "Ku saurara. Akwai abin da na gaya wa yayyenku da iyayenku ba daidai ba, ku kai musu gyara, ku ce ni na aiko ku." In kika hangi wadda kika taɓa karɓar haihuwarta a kasuwa ko a tashar mota, sai ki tsayar da ita. Ni ma kin zo har ɗakina kin ce, "Har ke na gaya wa, ki yafe mini." Wata abokiyar aikinki ta ja ki gefe ta ce kina zubar da girmanki a gaban yara ƙanana. Kika ce mata girman da zai kai ki gaban Allah da sallolin mutane a wuyanki ba kya bukatarsa.

Tun daga nan ban sake jin kin amsa tambayar addini da ka ba. Kika sa wani ɗan littafi a aljihun rigar aiki, kina rubuta abin da marasa lafiya da ma'aikata ke tambaya: yadda mai bandeji zai yi alwala, yadda wadda aka sa wa robar fitsari za ta yi salla, abin da ma'aikaciyar jinya za ta yi in lokaci ya same ta a ɗakin tiyata. Amsarki ɗaya ce, "Ban sani ba, bari sai Asabar." Ran Litinin kuma ki bi gado gado kina mayar da amsa. Rabin abin da muka fahimta a fiƙihu daga wannan ɗan littafin ya fito, domin ke kika riƙa kawo mana mutane masu ciwo na gaske cikin darasi.

Babin rabon gado ne ya ba ki wuya. Sau biyu kina faɗuwa jarrabawarsa. Kika zo gidana da la'asar kika ce, "Malamar lissafi, yau ranarki ce, ga ɗalibarki." Muka zauna a tabarma ina zana miki da'ira ina rabawa shida, ina rabawa takwas, kina cewa ke dai kin san a karɓi jariri ɗaya cikakke, ba ki taɓa karɓar sudusinsa ba. A zama na uku kika ci. Kika ɗauki takardar kika kai wa Baba, maigidanki, wanda shekara biyu ya yi yana kawo ki a babur yana zama gindin bishiya da jarida, har ranar da kika ce masa zaman ya isa, ga ajin maza can a ɗaya ginin. Ya shiga, kuma har yau yana ciki.

Ciwon ƙoda ya kwantar da ke farkon wannan zangon. Aka ba ki gado a asibitin da kika yi wa aiki tun kuruciyarki. Duk Lahadi in an tashi sai in wuce wurinki da littafina in karanta miki darasin makon, kina kwance kina katse ni da tambaya. Na tarar kin koya wa matar gadon kusa da ke taimama, da yadda ake salla a kwance. Lahadin ƙarshe da na same ki da ƙarfin magana, darasin jana'iza ne na zo da shi. Na so in tsallake, kika gane, kika ce in karanta. Na karanta yadda ake wankan gawa, kina saurare ido a rufe. Da na gama kika ce, "Kin riƙe?" Na ce na riƙe. Kika ce, "To ke za ki yi mini, ke da babbar 'yata. Ki koya mata a kaina." Na ce ki daina irin wannan magana. Kika ce, "Ƙanwata, in ba don wannan ba, me muka zauna a bencin yara muna yi shekara shida?"

Na yi miki, Yaya. Ban taɓa wanke gawa ba sai taki. Muka rufe ki, muka yi miki alwala, muka fara da ɓangaren dama, muka sa kafur a ruwan ƙarshe, muka kitse furfurarki gida uku. Ina gaya wa 'yarki abin da ke biye a hankali, kamar yadda Malama ta koya mana. Ban yi kuka ba sai da muka ɗaure likkafani, maza suka shigo da makara.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka tana neman sanin yadda za ta bauta maKa daidai, ba ta ji kunyar cewa ban sani ba. Ka gafarta mata abin da ta yi cikin rashin sani, Ka karɓi gyaran da ta yi, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshenta a lokacin tambaya. Ka sanya kowace salla da aka gyara ta dalilinta cikin mizaninta, Ka sada ta da Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da 'ya'yanta biyar da jikokinta, da ƙannenta, da abokan aikinta na ɗakin haihuwa, da Malama da dukan 'yan ajinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa mu ƙarasa abin da ya rage mana na karatu da ikhlasi, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Amin.