Dattin Tumbin Layya

Mahaifiyata ta fara shaƙar hayaƙi tun ba ta san dama da hagu ba. Da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu aka tashe su, mutanen gidansu suka koma kamun kifi, ita kuma aka ɗora ta a kan banda. Daga bandar kifi ta wuce kicin ɗin wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙasar Kiru, inda ta tsufa a gaban murhu. Da aikin nan ta yi mini karatu har na dawo makarantar ina koyar da kimiyya. Kafin in dawo ƙirjinta ya riga ya taɓu. Likita a Kano ya faɗa mata a gabana cewa in tana son ranta, ita da hayaƙin itace sun yi hannun riga ke nan.

Abin da ya bar ta a bakin aikinta shi ne ramin gas. Wasu injiniyoyi ne suka gina shi a bayan ɗakunan kwana, rufaffen rami ne da duk ƙazantar banɗakunan yara ke gangarawa ciki. Akwai wasu ƙananan halittu a cikinsa da ido ba ya gani, su ke cin ƙazantar su fitar da iskar da ke kama wuta, bututu ya kai ta kicin. Ruwan da ya rage a tace shi a ba lambu. Da farko Inna cewa ta yi ita ba za ta tuƙa wa 'ya'yan mutane tuwo da abin da ya fito daga cikinsu ba. Sai da liman ya ce babu laifi, ta kuma ga tarin asuba ya sake ta, sannan ta koma ita ce uwar ramin. Duk yarinyar da ta jefa leda a masai ta shiga uku.

Ni aka ɗora wa kula da shi, wai ni ce mai kimiyya. Ɗaya daga cikin injiniyoyin ya kafa wata siririyar roba lanƙwasasshiya a bangon kicin, da jan ruwa a cikinta. In gas ya taru ruwan ya hau, in ya ƙare ya sauka. Muka koyi jiƙa wake tun safe, da rufe tukunya, da kashe wuta da zarar an sauke, don gas ɗin ya kai mu tuwon dare.

A daminar da nake magana, Babbar Sallah ta matso, amai da gudawa ya ɓulla a ƙauyukan kewaye, har wasu yaranmu suka kwanta. Ma'aikatan lafiya suka zo da jarkokin kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, suka malala a kowane masai. Ina tsaye ina kallo, na san inda ruwan nan zai gangara, amma wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce a dakata? Yaran suka warke, alhamdu lillahi. Sai dai maganin da ya kashe cutar bai ƙyale halittun raminmu ba. Jan ruwan ya yi ta sauka, wutar ta koma tsalle-tsalle, rannan ta mutu.

Aka jawo itace, jiƙaƙƙe na damina. Shugabar makaranta, Hajiya, mace ce mai kirki amma mai gudun abin da zai je ya dawo. Ta kira ni ofis ta ce ta san maganar likita, ba za ta bari tsohuwa ta faɗi a hannunta ba. In ta ji tarin nan ya dawo za ta sallame ta ta je ta huta. Na kai wa Inna saƙon, ina zaton za ta yi murna da hutun.

"Ki ce mata ban yi tari ba," in ji ta. "In na bar kicin ɗin nan me zan zauna in yi? Jiran mutuwa?"

Na kira injiniyan a waya. Ya ce ginin lafiya lau yake, mazauna cikinsa ne suka ƙare. A kwashe gurɓataccen ruwan, sannan a nemo sabon iri. Ya ce irin da ya fi yana cikin tumbin dabbar da aka yanka yanzu, wannan ciyawar da ake zubarwa, amma da ɗuminta ake so, kuma da yawa.

Haka na yi Sallar shekarar nan. Ana saukowa daga idi maigidana ya aro kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka jera durom a baya, ni kuma da sabuwar atamfata ina bin gidaje daga Kiru har Dangora. In na yi sallama sai a miƙo mini tsoka. In ce a'a, dattin tumbi nake roƙo. Wata tsohuwa ta kalle ni sama da ƙasa ta tambaya ko wani boka ne ya aiko ni. Wani mahauci ya ce duk karatun nawa a nan ya ƙare. Na yi dariya tare da su, raina kuwa yana kan durom ɗin, kada ya huce kafin mu isa. Muka juye a ramin da la'asar. Atamfar nan ban sake ɗaura ta ba.

Sai jira, shi ne ya fi komai wuya. Hutun Sallah ya ƙare, yara suka dawo, Inna ta koma gaban itace. Tsakanin darasi da darasi sai in ruga kicin in duba robar, in tarar da jan ruwan kwance inda na bar shi. Abin da na fi tsoro shi ne idona ya kai kan Inna. Ta koyi haɗiye tari. In ta hango Hajiya sai ta danne shi, jijiyoyin wuyanta su tashi, idonta ya kawo ruwa, ta ce albasa ce. A gabana ma ta daina yi, don ta san ba na iya riƙe magana.

Da ruwan ya fara motsi na kyasta ashana, ba abin da ya kama. Injiniyan ya ce iskar farko ba ta kama wuta, in buɗe ta fita. Na buɗe da hannuna, ina jin tana tsiyaya a banza, Inna kuma tana gefe tana fifita ɗanyen itace. Ranar na yi kuka a bayan kicin.

Wata safiya bayan makonni, na tarar da ruwan ya hau sama da yadda na saba gani. Hajiya ta zo, masu girki suka taru. Na kyasta. Wuta ta kama, shuɗiya, ba ko ɗigon hayaƙi. Hajiya ta yi hamdala, ta dafa kafaɗar Inna ta ce ta ga ƙoƙarinta, ta fita.

Inna ta ɗora tukunya ta rufe. Ta leƙa ta ga Hajiya ta yi nisa, sannan ta zauna a kan turmi ta saki tarin da ta daɗe tana riƙo. Ya ɗauki lokaci kafin ya tsaya. Ta goge bakinta da gefen mayafi, ta naɗe wurin da sauri ta cusa a ƙugu.

"Rage wutar nan," in ji ta, "kada ki ƙarar mana da gas."

Na rage. Amma na riga na ga jinin da ke jikin mayafin.