Wayar 'Yar'azumi da Tukunyar Shinkafa

Duk unguwarsu a Haɗeja, in ana maganar turara shinkafa, 'Yar'azumi ake fara kira. Ba ta da agogo, ba ta kuma neman sa. Hancinta ke gaya mata lokacin da shinkafa ta buɗe baki a tukunya, wato ƙaiƙayi ya tsage, a sauke a shanya.

'Yarta Umaima tana shekara biyar ta zama ma'aikaciyar waya. Da fari uwar ce ke miƙa mata waya ta kalli katun don ta nisanci murhu. Tafi-tafi, ko tuwo ba ya wucewa sai da katun a gaba.

Ranar da kaka, Iya Ma'u, ta zo daga Malam Madori, sau uku ta kira: "Kishiyata, ba gaisuwa?" Ko ɗaga kai yarinyar ba ta yi ba. Tsohuwa ta ajiye ƙullin gyaɗar da ta kawo mata, ta ce, "Ku bar ta, ta yi sabuwar kaka a cikin gilashi." Ta yi dariya, amma ranar ba ta ci abinci sosai ba. 'Yar'azumi ta gani.

Washegari ta kafa doka. In an rufe tukunya, a ba Umaima waya. Da shinkafa ta buɗe baki, waya ta shiga langa a rufe sai gobe. Kwana uku Umaima tana birgima, har maƙwabta suka aiko tambaya ko kunama ce. A na huɗu aka kama ta tana roƙon Iya Ma'u ta janye itace daga murhu, wai kada shinkafa ta yi saurin nuna. "Tun yanzu kin iya magudi?" in ji tsohuwa. Amma dai tunda jikarta ta yi mata magana, ta wuni tana murmushi.

Sai wata Asabar, Umaima tana Islamiyya, 'Yar'azumi ta ce bari ta leƙa wani fim mai dogon zango a wayar, minti biyar kawai. Ana tsaka da rigimar gado a fim ɗin Umaima ta yi sallama, ta ja hanci.

"Umma, shinkafa ta buɗe baki. Har ta yi baƙi."

'Yar'azumi ta zabura, ƙauri ya cika gida. Kafin ta gama kwasar abin da ya tsira, yarinyar ta ɗauki waya ta saka a langa, ta rufe, ta zauna a kai.

"Ke, ni fa uwarki ce!"

"Sai gobe, Umma."

Iya Ma'u ta yi dariya har da tari. Da ta lafa, ta ce, "Kishiyata, zo ki taya ni tsince ƙonannun."

Kira ɗaya, Umaima ta ce, "Na'am, Iya," ta taho da gudu, rungume da langar don kada a yi mata magudi.