Shanyar Tef a Tarauni

Mun tashi da asuba daga Zariya ranar Talatar makon jiya, mu uku a jif ɗin ofis: ni, da direba, da wani dattijo abokin aikinmu. Ban karya ba, don tun ranar Asabar abinci ba ya shiga mini. Kano muka nufa, za mu ɗauko faya-fayan tef guda tara da na kai ajiya shekara uku da suka wuce.

Bari in faɗi aikina, don ko a gidanmu har yau cewa ake yi gadin inji nake yi. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta a wurin aikinmu. Duk bayanin da aka kawo sai a buga shi a kati, injin ya karanta ya adana, ni kuma in naɗi kwafinsa a tef saboda tsaro. Tef ɗin irin na rikoda ne, sai dai faifansa ya kai faɗin faranti. Makullin ɗakin a aljihuna yake, kuma ba mai taɓa injin sai da kalmar sirrin da na ba shi, har 'yan ofisoshinmu na nesa da ke aiko da bayani ta waya. Ina ji da kaina a kan wannan, ba zan ɓoye ba.

To, ranar Asabar wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi injin yana tsakiyar aiki, babban faifan da ke cikinsa ya karce, duk abin da ke kai ya tafi. Aikin kowa na maido da shi daga tef, ban da na dattijon nan. Kwafinsa da ke ɗakina tun bara na naɗi wani aiki a kai, saboda an ƙi sayo mana sababbin tef, na ce ai akwai na Kano.

Shi kuwa aikinsa awon rijiyoyi ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zaga ƙauyuka a kan babur, duk wata ya zura igiya ya rubuta inda ruwa ya tsaya, har da shekarun farin nan da muka fita daga cikinsu da ƙyar. Yanzu ne aka nemi ya fitar da jerin ƙauyukan da za a fara haƙa wa sababbin rijiyoyi, kuma da wannan awon zai san inda ruwa ke jure fari da inda yake ƙafewa. Takardunsa na asali babu su. Da aka gama buga su a kati ya roƙa a bar masa su, na ce masa tef ya fi takarda aminci, gara ba ta cin sa. Ni na sa hannu aka ƙone su tare da katunan, don a sami wurin ajiye kujeru.

Hanya ba laifi har Tashar Yari, sai dai manyan motoci da ke tafiya a tsakiyar titi kamar gadonsu ne. Dawa ta yi kai, an fara cire gyaɗa. A Kwanar Dangora muka tsaya direba ya sha koko. Ƙosan da ake ba da biyar a kwabo biyar kwanan baya yanzu uku ne, kuma sun rame. Direba ya tambayi mai ƙosai ko waken ma an ƙara masa albashi ne, ta ce ya je ya tambayi mai mai. Dattijon bai yi dariya ba, idonsa na kan wata rijiya a tsallaken titi. Ya je ya leƙa, ya gaisa da matan da ke ɗiban ruwa, ya dawo yana cewa a shekarar da fari ya fi tsanani sai da aka ƙulla igiya uku kafin guga ya taɓa ruwa a nan. Ya ce adadin ya ɓace masa, amma yana cikin tef. Na kau da kai ina kallon gonaki.

Wajen ƙarfe goma muka shiga Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda ya daɗe bai zo ba sai ya yi ɓatan kai. Garejin makanikai a jere, masu faci, 'yan tireda, ga ƙananan bas suna tsayawa inda suka ga dama. Reshen ofishinmu gidan haya ne a wani lungu, bayan rumfar wata mata 'yar Kudu mai sayar da shinkafa da wake. A gidan akwai wani ɗaki na tsakiya mai kaurin bango, rana ba ta kai masa. Ni da kaina na zaɓe shi don tef ɗin nan, na sa aka yi masa kwaɗo biyu. Da na tura ƙofar sai na tarar da tela a ciki yana ta taka keke.

Akawun reshen ya yi mini bayani hankalinsa kwance. Mai gidan ya karɓe ɗakin tun shekarar da na kawo ajiyar, aka kwashe kayan sito gaba ɗaya zuwa Tarauni. Na ce me ya hana a sanar da ni, ya ce an buga wasiƙa, ya ma nuna mini kwafinta a fayil. Wasiƙar sashen kula da kadarori aka aika wa, domin a wurinsu tef da bokiti duk kayan sito ne. Raina ya ɓaci, amma ban tsaya ba. Ya yi mana kwatance, ya ce mu nemi Baba Garba mai kula da sito, mutum ne da ko allura ba ta ɓata a hannunsa.

Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ba nisa, amma mun ci kusan awa guda, don kwatancen duk da bishiyoyi aka yi shi, an kuma sare su. Ko'ina gini ake yi. Gidajen ma'aikata na bulo suna fitowa a tsakiyar gonaki, ga lebura daga ƙauyuka suna kwaɓa siminti, jakuna na kawo yashi. Muka zaga ta bayan kasuwa har muka faɗa Unguwar Gano, wani mai facin keke ya maido mu hanya. Rana ta take, irin zafin nan na bayan ɗaukewar ruwa.

Siton dogon ɗaki ne mai rufin kwano, da fili a gabansa. Tun daga ƙofa na ga an baza tabarmi, an shanya fayiloli, kowanne an danne shi da dutse. Ban damu ba, haka kowa ke yi wa takardu da tufafi idan damina ta wuce. Sai idona ya kai tsakiyar fili. An ɗora fallen kwano a kan duro biyu, a kansa ga faya-fayaina tara a jere, an buɗe murafensu, wani tsoho mai tsabtar riga yana juya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai juya kilishi.

Ya gane ni nan take, ya taho da fara'a.

"Yallaɓai, ka zo a kan gaɓa. Ga amanarka nan, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Duk ƙarshen damina sai na fitar da su sun sha rana kwana uku, tare da takardu."

"Baba, sau nawa ka yi haka?"

"Wannan ne na uku. Ai kai ka ce kada damshi ya taɓa su."

Haka na ce kuwa. Ranar da na kawo su Gyaɗi-Gyaɗi shi na damƙa wa, ina sauri in koma, abin da na faɗa masa ke nan, na ƙara da cewa kada ya ba kowa sai da takarda daga hannuna. Zancen zafi bai fito daga bakina ba, don a wurina abu ne da kowa ya sani. Na ɗauki faifai ɗaya, sai da na sake shi saboda ƙuna. Robar ta lanƙwashe, gefen tef ɗin ya tattare, wani wurin ya manne da juna.

Na ɗaga murya, ba zan yi ƙarya ba. Na faɗa wa tsohon da ya isa ya haife ni maganganun da nake jin kunyar rubuta su. Yana tsaye hannunsa a baya, bai gane laifinsa ba, amma ya gane akwai laifi. Dattijon da muka zo tare, wanda aikinsa ne a kan kwanon, shi ya dafa kafaɗata.

"Bar shi haka. Abin da ka gaya masa ya yi."

Bayan mun kwashe su zuwa inuwa Baba Garba ya ja mu ciki ya nuna mana inda yake ajiye su. Akwatin ƙarfe ne a kan bulo huɗu, ya zagaye shi da toka saboda ƙwari, ga kwaɗo biyun nan nawa. Ya ce bara wani babba ya zo yana son faifai ɗaya, wai zai gwada ko na waƙa ne, ya hana shi don babu takardata. Ya aika aka kawo mana fura, na kasa sha. Da za mu tafi ya biyo ni har mota, ya tambaye ni a hankali ko za a kore shi. Na ce masa a'a, kuma har yanzu ban san ko da ikon wa na faɗa ba.

Mun yi azahar a wani masallaci a Gyaɗi-Gyaɗi, direba ya ci shinkafar matar nan ya ce yajin ya isa ya tada mota. Faya-fayan na naɗe su a bargo na rungume a cinyata tun daga Kano, ina hana direba shiga rami, lallaɓawar da ba ta da sauran amfani. Kafin magariba muka shiga Zariya.

Washegari da safe na ɗora su a inji ɗaya bayan ɗaya. Bakwai ko juyawa ba su yi daidai ba. Biyu suka karantu, na farko da na biyu, wato shekara biyu da 'yan watanni na farkon aikin.

A hanyar dawowa na so in ɗora wa wani laifin. Na lissafa wanda ya hana tef, da akawun da ya aika wasiƙa inda ba ta da amfani, kuma har yanzu ina jin haushinsu. Amma shekara uku ina zaune nisan awa uku daga ajiyar nan, ban je na gan ta ba, ban ɗauko faifai ɗaya na gwada ko yana karantuwa ba. Sau ɗaya na nemi mota aka ce babu, na ji daɗin uzurin. Duk hankalina na kan ɓarawo da mai leƙen asiri, ban taɓa zama minti goma na yi wa mutumin da zai riƙe kayan bayanin abin da yake riƙe da shi ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma ba ni na biya ba.

Na sami dattijon a ofishinsa yana jira. Na gaya masa abin da aka samu. Ya tambayi shekarun, na faɗa. Ya ce waɗannan ai shekarun ruwa ne, kowace rijiya cike take, ba abin da za su nuna wa kowa.

"Na farin fa?"

"Babu, Malam. Ko wata ɗaya." Don in rage wa kaina nauyi na ƙara da cewa, "Idan an ba da babur da ma'aikata, ai za a iya sake awon."

Ya dube ni.

"Ɗana, wannan awon sai an sake yin fari ake samun sa. Ni kuwa na ga abin da ya yi wa mutane, ba zan roƙi Allah ya maimaita don in cika takarda ba."

Ya jawo farar takarda ya fara rubuta sunayen ƙauyukan da ka, yana yi yana tsayawa. Na bar shi a na goma sha huɗu, ya riƙe biro yana ƙoƙarin tuna ko rijiyarsu ta ƙafe a shekarar ko ta maƙwabtansu ce.