Adda Jummai da faifan bikina

Ina wankin shinkafa da safen nan maigidana, Baban Amira, ya kira ni daga kasuwa, ya ce Adda Jummai ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bam ɗin da ya tashi jiya a tasha ya rutsa da ita, ta je aika saƙo. Ta cika a asibiti bayan asuba.

Tun ɗazu na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in koma.

Waɗanda ba su san ta ba, ita ce mai shagon kwamfuta a Kasuwar Gombe, inda ake buga takardu da kwafin faifai. A can nake tsayawa in na sayo littafi. Sai ta turo min kujera ta ce, "'Yar littafi, yau wa ya mutu, wa ya auri wa?"

Wata uku da suka wuce na kai mata faifan bidiyon bikina. Shi kaɗai ne a duniya. Mai ɗaukar ya kai wa Innata shi a garinmu ana gobe za su yi gudun hijira, yayata ta ƙulle shi a bakin zane tare da makullai, har Gombe. Inna ba ta yi wata biyu a nan ba ta rasu.

A minti na arba'in da ɗaya, daidai inda Inna ta matso kusa da kyamara ta buɗe baki, faifan yake sandarewa. Ban taɓa jin me ta ce ba. Ranar ina cikin mayafi ina kuka.

Adda ta ɗaga shi wajen haske, ta shinshina.

"Man goge baki kika sa masa?"

Na ce maƙwabciyata ce ta ce yana gyara karce.

"Sannu, likita. Da kin haɗa masa da asuwaki."

Kowa a layinsu da manhaja ɗaya yake kwafi, mai sauri, minti goma an gama. Adda ta ƙi amfani da ita. Ta ce wannan in ta iso wurin da ya lalace tsallakewa take yi, ta ba ka faifai mai kyau ba tare da abin da ka zo nema ba. Ta gwada wata, ta tsaya a rabi. Wata kuma ta matse hoton har fuskokin mutane suka zama kamar an shafa musu laka. Wata ta zo da bairos, sai da ta yini tana wanke kwamfutarta.

Ni kuwa ina ta yi mata naci. Na taɓa ce mata ko in kai wani shago ne. Ta miƙo min shi ta ce, "Ga shi, amma duk sa shi a inji da ake yi, ƙara cin sa ake yi." Na mayar mata, kunya ta kama ni.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Talata ne. Tana cin gyaɗa, tana dariya tun daga nesa. Ta ce ta samo manhajar da take so. Tana karanta faifai a hankali, in ta kasa sai ta koma ta sake, sau ɗari ma. In an ɗauke wuta kuma, daga inda ta tsaya take ci gaba.

"Mai haƙuri ce, ba irinki ba. Ki ba ni kwana huɗu."

Zan faɗi abin da ke damuna, Allah Ya yafe min. Da na ajiye waya da safe, bayan salati, abin da ya fara zuwa raina shi ne faifaina. Da wannan kunyar na shiga gidansu a Pantami.

Zan fito, ƙanwarta Asabe ta riƙo hijabina, ta ba ni ambulan. Ta ce a kan firji Adda ta bar shi, yau ta yi niyyar kawo min. Faifai uku ne a ciki, nawa da sababbi biyu. A baya ta rubuta: "Ɗaya gidanki, ɗaya gidan yayarki. Kar a ajiye su wuri ɗaya."

Na sa shi da la'asar. Minti na arba'in da ɗaya ya zo, ya wuce.

Wata da watanni ina tsara maganar a kaina, doguwar nasiha irin ta littafi. Ashe Inna cewa ta yi, "Ku sa mata littattafanta a ƙasan akwati, kar dangin miji su gani. In ba su, ba ta iya barci."

Sau bakwai na mayar. Na ɗauki waya in gaya wa Adda, har na danna lambarta.

Ya Allah, Ka jiƙan Adda Jummai, Ka haskaka kabarinta, Ka haɗa ta da Innata a Aljanna, Ka kawo mana ƙarshen wannan fitina. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a da bakinsa kafin ya wuce.