Baƙon Da Ya Sansana Tabar Kawu Zisis

Kawu Zisis yayan mahaifiyata ne. A duk ƙauyenmu da ke kan tudu sama da garin Kavala na bakin teku, babu mai ganyen taba irin nasa. Wannan har masu jin haushinsa sun yarda, kuma suna da yawa, don mutum ne da in ya kafe a kan magana ko fadan cocinmu sai ya sakar masa. Matarsa ta rasu da wuri ta bar masa ɗa ɗaya, Fotis. Ni a gidansa na tashi ina jera ganye a basilla, yatsuna baƙi ƙirin da danƙon taba. Burinsa guda ne a duniya: Fotis ya gaji gonar kamar yadda shi ma ya gada.

Sojan Jamus suna fita daga ƙasarmu, ko numfashi ba mu gama saukewa ba muka hau kashe junanmu, sojan gwamnati a gari, 'yan gurguzu a kan duwatsu. Turawan Ingila suka gaji suka janye, Amurkawa suka maye gurbinsu da jirage da fulawa da madarar gwangwani. Aka ɗebi Fotis soja.

A shagon gahawa kullum sai Kawu ya kara da Lambros, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen zuba wa jiragen ruwa gawayi. Lambros cewa yake ƙasarmu ta zauna ne a bakin hanyar da jiragen mai ke bi, Amurka kuma ba za ta yarda Rasha ta leƙo wannan tekun ba. Ga shi yaƙin duniya ya ƙare rumbunansu cike da kaya, dole su nemi bakunan da za su saba da cin nasu.

"Da furfurarka, Zisis? Mutumin da bai san sunan ƙauyenka ba ne zai tsallako teku don yana ƙaunarka?"

"Kai dai gishirin teku ya gama da ƙwaƙwalwarka. Madarar tasu kuwa na ga har cokali kake lashewa."

A bazarar 1948, ganye ya isa tsinka, sojoji suka hau tudun da wani hafsan Amurka da tafintansa. Umarni suka kawo: kowa ya kwashe ya koma gari, don kada na kan duwatsu su sami mai ba su burodi. Mutane suka yi cirko-cirko, babu mai niyyar barin amfanin shekara a tsaye. Kawu ya miƙa wa baƙon battar tabarsa, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Hafsan ya murza tabar a tafin hannu, ya kai hanci, ya lumshe ido. Sai ya sa tafinta ya tambaya dami nawa ƙauyen ke yi, wa yake saye, ta wace tasha ake fitarwa.

A wajenmu ba a sansana ganyen mutum a tambaye shi mai sayensa sai an shiga ciniki. Dillalin da ya yi haka ya juya baya, ba zai ƙara shan ruwa a ƙauyen ba. Kawu bai taɓa tunanin akwai inda ba haka ake yi ba. Ya hau matakalar coci ya dafa ƙirji ya ce mu sauka, mu bar na bana, baƙon nan ya riga ya taya. Da an gama yaƙi Amurka za ta kwashe duk abin da muka noma. Saboda bakinsa muka sauka. Lambros kaɗai ya ƙi, ya kuma faɗi dalilinsa a gaban tafinta. Aka tura shi wani tsibiri inda ake tsare irinsa, ba mu sake ganinsa ba.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Hafsan nan bai yi ƙarya ba, bai ma yi alkawari ba. Lissafin abokan gasarsu a kasuwar taba yake yi, mu kuma muna ta washe baki.

Bayan yaƙi muka koma tudu, muka tarar da ƙofofi a ɓalle, gonaki sun zama jeji. Fotis ya dawo da ƙafafunsa biyu, Kawu ya ce to me ya rage? Suka yi noman da ban taɓa ganin irinsa ba, ganye ƙanana masu ruwan zinariya. Da sanyi ya shigo dillali ya hau tudu, amma ko igiyar dami ɗaya bai kwance ba. Ya ce Jamusawan da suka saba kwashe tabarmu yanzu ta Amurka ake jibge musu da sunan agaji, harshensu kuma ya riga ya saba. Kawu ya ce to ai Amurkawan da kansu za su saya.

"Ɗan abin da suke barbaɗawa a sigarinsu na irin tabarku suna da shi a manyan ɗakunan ajiya na Kavala," in ji dillalin. "Ba saye ya kawo su ba, Baba. Su ma manoman taba ne."

Kawu ya kwashe kujerun ɗakin baƙi ya jera damman a ciki. Yana juya su kada su yi fumfuna, na bara a kan na bariya, yana cewa mai saye na hanya. In ya shiga shagon gahawa sai hira ta mutu. Babu wanda ya zage shi, da ma sun zage shin da ya fi masa sauƙi. Samari suka fara sulalewa, wasu Ostireliya, wasu ramukan kwal na Beljiyam.

Fotis ya daure shekaru, ina ba shi wannan shaidar. Ranar da aka ce masana'antun Jamus na neman hannu, ya sami uban a cikin damman ya gaya masa zai tafi. Kawu ya tambaye shi gonar fa.

"Baba, na yi musu yaƙi, na yi maka noma. Wanne ne ya ciyar da ni?"

"Wurin waɗanda suka ƙona mana gidaje za ka?"

"Su ne ke biya."

Kawu bai raka shi mota ba. Ya ci gaba da dasa 'yan kunyoyi a bayan gida, yana shan tabarsa shi kaɗai, har sanyin shekarar da ya kwanta bai tashi ba. Muka buga wa Fotis waya. Ya amsa cewa masana'anta ba ta ba da hutu sai bazara.

Ranar jana'iza, da fadan coci ya gama addu'a ya ɗaga kai yana neman maza huɗu da za su ɗauki akwatin zuwa maƙabarta. Ya duba dama ya duba hagu, duk namijin da ke cocin yana dogare da sanda. Mu mata muka naɗe hannun riga muka ɗauka.