Nasiba da Tsuntsuwarta Mai Jar Fuska

Kullum da asuba, in na saɓa shebur zan tafi buɗe wa gona ruwa, sai na ga Nasiba zaune a ƙofar ɗakinta, ta kasa kunne ga keji. Ba ta amsa gaisuwa a lokacin. Ni ma na daina yi.

Maƙwabciyata ce a ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla. Ta haura hamsin, tsintar auduga ta tanƙwara mata baya. Shekara goma sha biyu tana kiwon waɗansu 'yan tsuntsaye koraye masu jar fuska, ba su kai gwara girma ba. Ba na ƙasar nan ba ne, ƙanenta ya kawo mata su daga Bur Sudan. Da yaƙi ya tashe mu, mutane suka ɗauki katifa da tukwane, ita ta ɗora keji a ka. Tara ta fita da su. Ɗaya ta dawo da ita. In ba ta samo mata miji ba, irin ya ƙare ke nan.

Sai aka ce wani Sadisu, mai sayar da tantabaru a kasuwar Sinja, yana da irinsu guda uku. Nasiba ta ɗauki kejinta ta tafi. Ina dakon riɗi a kasuwar a lokacin, saboda haka a gabana aka yi komai.

Sadisu ya leƙa kejinta ya ce, "Hajja, wanga ai namiji ne. Dubi ja har wuya. Mace za ki nema."

Ya ciro allura da zare ya rataya a saman kan tsuntsuwar, yadda masu tantabaru ke yi. In allura ta kewaya, mace ce. In ta yi gaba da baya, namiji. Ta yi gaba da baya. Mazan da ke wurin suka kwashe da dariya.

"Allurarka ta taɓa ba ta gero?" in ji Nasiba. "Shekara biyu ina sauraronta. Namiji yana jan waƙa doguwa, maƙogwaronsa na rawa. Wannan kuka ɗaya take yi ta yi shiru. Jan fuska kuwa gadon uwarta ne."

"Halas, shi ke nan, Hajja. Haɗa maza biyu, ki kira mu suna."

Ba ta saya ba ranar. Ta kwana wajen 'yar'uwarta Widad, ta dawo kafin a buɗe rumfa, ta shimfiɗa buhu kusa da tsuntsayen ta zauna. Safiya uku tana haka. Sadisu ya fara ce mata mai gadi. A ta ukun ta nuna wani ƙarami, fuskarsa a koɗe, wanda kowa ya rantse mace ce.

"Wannan. Shi ya yi waƙa."

Sadisu ya ce to, ko ba komai ta ɗauki mace bisa kuskure, Allah ya taimake ta.

Aka yi ƙwai huɗu bayan damina. Labari ya kai kasuwa, kowa ya ce ai sabuwar ce ta yi. Ni dai da Nasiba ta sa na yanko mata busasshiyar ciyawa daga bakin magudanar ruwa, na ga wadda ke kwance a kan ƙwan, mai ja har wuya. Na kuma ga ƙaramin a bisa sanda, maƙogwaronsa na rawa.

Ran da 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, Sadisu da kansa ya biyo motar kaya ya zo da mutum biyu, wai su gani da idonsu. Irin tsuntsayen nan in an dame su sukan watsar da sheƙa. Nasiba ta rufe kejin da buhu.

"Ɗaga mana kaɗan, Hajja. Daga Sinja muke fa."

"Ba don ku ta yi ƙwan ba."

Ta jawo kujerarta ta dasa a tsakiyar ƙofa, ta zauna, ta ɗora muciya a cinya. A haka na bar su na tafi aiki.