Matar da Ta Sa Aka Aske Goɗiyar Absalom

Gwaggo Vashti Lovell ba ta gaida mutum sai ta gaida ƙafar dokinsa. Da gari ya waye takan sha shayinta a tsaye a ƙofar tirelar da take kwana, baƙi, mai kauri, ba sukari. Sai ta ɗauki bokiti, da kwalbar man da ta kaɗa da garin farar wuta, da tsohon buhun da take ninkewa ta durƙusa a kai. Ta bi hanyar da ke fita daga garin Bishop Auckland a arewacin Ingila, inda dawakinmu ke talala a ciyawar bakin titi. Mai doki yana tsaye yana jira a yaba masa geza ko faɗin ƙirji. Ita kuwa tuni ta kai ƙasa, hannunta ya nutse cikin gashin ƙafa har wuyan hannu.

Haka take tun kafin a haifi yawancin masu dawakan yau. Bana gwiwoyinta sun ce sun gama. In ta durƙusa sai an kama ta ta tashi, ita kuma ba ta son a kama ta. Shi ya sa ta ajiye aikin.

Wanda ya daɗe yana karatu a nesa, in ya dawo cikinmu, akwai abin da ke ɗaure masa kai. Mu Romani, ƙabilar da ta tashi tana yawo da keken doki, mun san irin dokin da ake kira kob kamar yadda muka san 'ya'yanmu. Kowane dattijo zai jero maka uwar goɗiya da kakarta da ingarman da ya hau kowacce, duka da ka. Muna son doki gajere, kakkaura, mai sanyin halin da yaro zai bi ta ƙarƙashin cikinsa bai motsa ba. Amma abin da ke sa namiji ya tsaya ya tura hula ƙeya shi ne gashin ƙafa: ya taso daga gwiwa, ya zubo ya rufe kofato, ya share ƙasa. Mu wanke shi, mu busar da shi da garin katako, mu barbaɗa alli har ya yi fari fat. To, yaya aka yi mutanen da suka san komai na doki ba sa son sanin abin da ke ƙarƙashin gashin nan?

Abin da ke ƙarƙashi ba shi da kyan gani. Akwai wasu ƙwari da ido ba ya kamawa, su ke cin fatar. Doki ya yi ta buga ƙafa don ƙaiƙayi. Fatar ta tsage, ta yi kauri, ta naɗe, danshi ya zauna a cikin ninkin. In zafi ya shigo ƙuda ya samu wuri, sai tsutsa. Daga waje kuwa, fari fat.

Labarin da aka fi ba da shi game da ita na goɗiyar Absalom Heron ne, kuma Rhoda, matar Absalom, tana wurin daga farko har ƙarshe.

Sunan goɗiyar Bonny, mai baƙi da fari. Ita kaɗai ta rage daga jinin dawakin uban Absalom, kuma gashin ƙafarta ba shi da na biyu a duk yankin. Lokacin kasuwar dawakai ta Appleby ya matso, inda kowa ke kai abin da yake taƙama da shi. Absalom ya shekara yana tsefe gashin nan domin ranar. Rhoda ce ta gaji da jin bugun ƙafa, ta aika a kira Gwaggo ba tare da ta gaya masa ba.

Gwaggo ta zo, ta durƙusa, ta sa hannu a ƙafar baya ta hagu. Ta daɗe. Ta fito da hannun ta sansana.

"Absalom, tun yaushe take buga ƙafa?"

"Ƙuda ne, Gwaggo."

"Ƙuda a ƙafa ɗaya? Lallai ƙudan gidanka masu zaɓe ne."

"Jiya na wanke ta. Dubi farinta mana."

"Na gani. Kabari ma ana shafa masa farar ƙasa. Kawo hannunka."

Bai miƙa ba, sai da ta kama wuyan hannun nasa ta jawo shi ƙasa. Ƙato ne, amma mace ce da ta goya shi yana jariri, ba dama ya fizge. Ta cusa yatsunsa har fata. Da ya zaro su, akwai abu fari yana motsi a kan farcensa.

Sai ya goge hannu a wando ya ce, "Bayan Appleby."

"Bayan Appleby ka kira mai bindiga, ba ni ba."

"Ki zuba mata man nan naki."

"Ta ina? Mai ba ya ratsa bargo. Sai an aske, iska ta shiga, na ga abin da nake wankewa. Kuma ka kira likitan dabbobi ya yi mata allura. Abin ya fara shiga jiki, maina iyakarsa fata."

A wurinmu ba a sa almakashi a jikin dokin wani. Wanda ya yanke wa dokinka geza ko wutsiya ya zage ka ne har kakanni, kuma gabar takan wuce ku ta kai kan 'ya'ya. Mai dokin ma in ya aske da hannunsa, cewa za a yi ya yi shela da bakinsa: jinin dawakin gidansu ruɓaɓɓe ne. Gwaggo ta fi kowa sanin haka. Ta ciro almakashi daga aljihun riga, ta kife bokiti ta ɗora shi a kai, ta je ta zauna a matakalar keken doki.

"Rhoda, 'yar nan, ɗora mana shayi. Ni ba zan taɓa ba. Ban shirya gaba da gidan Heron da tsufana ba."

Absalom ya zagaya goɗiyar. Ya tafi bakin shinge ya sha taba. Ya dawo ya ce ai ubansa bai taɓa aske doki ba.

"Bai taɓa ba," in ji Gwaggo. "Ka tuna jar goɗiyarsa? Ina wurin ranar da aka ja ta da igiya aka loda a mota. Gashinta kam ya yi kyau."

Ya ɗauki almakashin. Rhoda ta ce bai yi kuka a jana'izar ubansa ba, a nan ma bai yi ba, amma ya zagi almakashin, ya zagi ƙuda, ya zagi Appleby, ya ɗan taɓa Gwaggo ma ƙasa-ƙasa. Da ya gama ƙafa ɗaya ya miƙe.

"Saura uku," in ji ta, tana hura shayi.

"Ukun lafiyarsu lau!"

"Ka sa hannu ka ji?"

Ya aske su. Biyu daga ciki sun fara tsagewa.

Ke ce, Gwaggo, kika durƙusa a laka ranar nan kina cire tsutsa ɗaya bayan ɗaya, kina yi wa goɗiyar hira kamar kuna wanki tare a bakin famfo. Ke ce kika dawo washegari, da wanda ya biyo baya, ba wanda ya ce miki sannu. Ruwan ɗumi, mai wanke abin da kowa ke kau da kai daga gare shi.

Absalom ya yi niyyar ɓoye Bonny a bayan fili har gashi ya fito. Nan ma ta ƙi.

"Ƙafa mai kumburi tafiya take so. In ta tsaya wuri ɗaya za ta cika kamar salka. Kowa zai tafi kasuwa, wa zai zagaya da ita? Ɗaura ta a bayan kekenka ta bi ku a hankali. Ina cikin ayarin, zan riƙa dubawa. Kada dai ka sa ta a kogi."

"In kai ta Appleby tsirara?"

"Ka kai ta da ƙafa huɗu."

Haka aka yi. Bonny ta taka tsaunukan hanyar Appleby a bayan keke, ƙafafunta sirara kamar na wani dokin daban. Da suka iso bakin kogin Eden, inda ake wanke dawakai jama'a na kallo daga kan gada, Tobias Gray ne ya fara hango su. Tobias yana da ingarma baƙi, yana kuma da baki.

"Kai, Heron! Ina wandon baiwar Allahn nan?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ba ta aron naka mana!" Wani ya tambaya ko kasuwar askakkun tumaki ya nufa ya ɓata hanya.

Absalom ya yi ja har kunne. Rhoda ta riƙe masa gefen riga, don ta san hannunsa. Bai ɗaga hannun ba. Cewa ya yi, "Tobias, ɗan'uwa, buɗa gashin ingarman naka mu ga fatar."

"Nawa lafiyarsa ƙalau."

"To buɗa mana. Ga jama'a."

"Ni na zo wanka ne, ban zo wasan yara ba."

Tobias ya ja ingarmansa cikin ruwa, har ruwan ya rufe gwiwa. Dariyar ta ragu. Wasu da ke riƙe da dawakai suka riƙa duban ƙasa.

Kafin a watse kasuwar, maza sun fara zagayowa ta bayan inda Gwaggo ta sauka, ɗaya-ɗaya, kowa na waige.

"Gwaggo, wani ɗan'uwana ne yake da doki, to, yana ɗan buga ƙafa..."

"Ɗan'uwan nan naka, hancinku iri ɗaya ne? Je ka kawo dokin."

Kada a ƙara wa labarin gishiri. Absalom ya ji jiki. An daɗe ba wanda ya nemi ɗan Bonny, kuma har yau akwai masu kiransa wanzami. Ƙafar hagun ba ta koma yadda take ba, ta fi sauran kauri. Akwai gidajen da suka daina gaida Gwaggo, suna cewa ta zubar da mutuncin doki. Yawancinmu har gobe alli muke barbaɗawa. Ba ta canja mu duka ba. Ta dai sa abin ya zama wanda ake iya faɗa da rana.

An taɓa tambayarta me ya kai ta wannan aiki, alhali mata irinta suna da sana'o'i masu tsabta. Ta dubi mai tambayar daga ƙasa zuwa sama.

"Ni gajeriya ce. Abin da ke ƙasa nake fara gani."

Ba ta ƙara ba, kuma ba a san ko wasa take ba.

Bonny tana nan. Bakinta ya yi furfura, ta haifi 'ya'ya bayan wancan lokaci, tana kiwo a kan ƙafafunta huɗu a filin da ke bayan tirelar Absalom. Gashin ya fito tuntuni, amma duk shekara da sanyi ya ja baya Absalom yakan aske shi da kansa, a bakin titi, inda duk mai wucewa zai gani. Bai taɓa ce wa Gwaggo ya gode ba. Ba halinsa ba ne, ita ma ba ta jira ba.

To mu bari mu faɗa a madadinsa. Mun gode, Gwaggo Vashti. Ke ce kika yarda a ƙi ki don doki ya rayu. Ke ce kika san inda al'adarmu ta ɗaure miki hannu, ba ki tsinke ta ba, kika zauna kika sha shayi har mai doki ya ɗauki almakashi da kansa. Allah ya hutar da gwiwoyin nan.

Ku kuma masu dawakai, ba sauran wadda za ta durƙusa a madadinku. Gobe da safe, kafin ku ɗauko alli, ku buɗa gashin, ku kai yatsa har fata, ku fito da shi ku sansana.